Irin Duman Inna

Ruwan farko na bana ya same ni zaune a bakin ƙofar ɗakina, a gidan autana cikin Birnin Damagaram. Kafin ƙamshin ƙasa ya iso hancina, ƙarar tol, wato kwanon rufi, ta riga ta cika mini kunne, kamar ana zazzaga tsakuwa a cikin tasa. Matar Auta tana yi mini magana daga madafa, ina ganin bakinta yana motsi, ban ji ko kalma ɗaya ba. Jikokina kuwa tsalle suke yi, su a wurinsu wannan hayaniyar ita ce damina. Ni na tashi a inda ruwa yake sauka a kan ɗaki a hankali, shuci ya sha abin da zai sha, sauran ya gangaro ta bakin jinka yana ɗiga, kana ciki kana jin numfashin wanda ke kusa da kai. Na kai hannu na taɓa ƙullin da ke bakin zanena, na ji ƴaƴan duman suna nan yadda na ɗaure su. Su ne suka rage daga irin duman mahaifiyata. Ga damina ta sake zuwa, ni kuwa ba ni da inda zan kai su.

Ƙauyenmu yana can wajen Hamdara. Sa'ad da nake yarinya babu ɗaki ko ɗaya a garin da ba na jinka ba. In an gama girbi an kai gero rumbu, sai maza su fita daji da lauje yankan shuci da gamba, su dawo da dammuna a ka, ba ka ganin mutum sai ƙafafunsa. Daga nan tsakar gida ta zama wurin aiki. Ana jiƙa kaba ana tufka igiya, ana yanta shuci, wato a jera shi a ɗaure ya yi tsawo har a naɗe shi kamar tabarma. Tsaikon ɗaki a ƙasa ake haɗa shi, a kewaye itatuwan da tanka, sannan a kira maƙwabta su ɗaga shi gaba ɗaya da ihu su ɗora a kan bango. Babanmu gwanin baibaya ne. In ya hau ɗaki yana warware shuci daga ƙasa zuwa ƙololuwa ba ya son surutu, ba ka jin komai sai motsin ciyawa da wata ƴar waƙa da yake yi a maƙogwaro, wadda har ya rasu ban san kalmominta ba. Mu mata namu kai ruwa da fura, da kwashe bunu, tsohon shucin da hayaƙi ya mayar baƙi. Bunun ma ba a zubarwa. Da shi ake hura wuta, wanda ya ruɓe a kai gona. Yanzu in Auta zai gyara rufi mota ce take kawo tol da ƙusa, wani ya hau ya yi ta bugu, kafin la'asar an gama, ba wanda ya sha furar wani.

Ba na cikin tsofaffin da suke cewa komai na dā zinariya ne. Jinka tana da kunama, tana da ɓera, kuma in wuta ta kama ɗaki ɗaya da rani sai dai a yi ta salati ana janye yara. Amma ɗaki ne mai numfashi. Da tsakar rana in ka shiga sai ka ji sanyi ya sauko maka a wuya, da sanyi kuma ya riƙe ɗumin murhu har safe. Duk abin da mace take so ta ajiye a cikin jinka take soke shi: allura, mataji, ɗan ƙullin kanwa, maganin ciwon ciki. Kuma ɗaki ne da abu yake tsirowa a kansa.

Iri biyu ne suke tsirowa, duk ɗan ƙauye ya san bambancinsu. Akwai wanda aka shuka, akwai wanda ya zo da kansa. Wanda ya zo da kansa shi ne ciyawa da ɗan geron da tsuntsu ya yar. In shuci ya daɗe ya ruɓe ya fara zama ƙasa, sai ka ga kore ya fito a gefen jinka, wani lokaci har gero ya fid da kai. Mu yara sha'awa abin yake ba mu. Baba kuwa in muna tafe ya hango irin wannan ɗakin sai ya tsaya ya girgiza kai. "Ko dai babu namiji a gidan nan, ko kuwa akwai shi amma gara babu," in ji shi. In tsohuwa ce da mijinta ya rasu, da rani zai tara samari a baibaye mata ba tare da ta roƙa ba. In kuwa akwai maigida, zai bi ta ƙofar gidan ya yi sallama, a gaisa sosai, sannan ya tambaye shi yaushe za a yi girbin kan ɗaki, don kada a manta da shi a gayya. Mutane da yawa tsoron bakin Baba ne ya sa suka gyara ɗakunansu.

Wanda ake shukawa na mata ne. Akwai masu kabewa, akwai masu soso a danga, amma duma ya fi yawa. In damina ta yi nisa ka tsaya a kan tudu ka dubi garin, ba ka ganin shuci sai kore, ga farin fure yana buɗewa da yamma, ga duma zazzaune a kan ɗakuna. Kowace mace da irinta. Wata na ludayi, wata na gora, wata na zungurun lalle. Inna nata na masaki ne, babbar ƙwaryar nan da ake yi wa jariri wanka a ciki, wadda in aka dama fura a ciki mutanen gayya za su sha su ƙoshi su bar saura. Bayansa da kauri, ba ya saurin fashewa. Daga uwarta ta samo irin, ita ma uwar daga tata, don a danginmu in za a kai yarinya ɗakin miji, bayan ƙore da faifai, sai uwa ta ƙulla mata ƴaƴan duma a bakin zane. Ba a sayar da su, ba a kuma ba wanda ba zai shuka ba.

Aikinsa ba na raguwa ba ne. Kafin ta shuka, Inna takan ɗauki ƙwaya ɗaya ta fasa da haƙori ta ɗanɗana. "In ya yi ɗaci yana da rai," haka take cewa, ta tofar. A daidai inda ruwan jinka yake ɗiga take tona rami, ta zuba takin awaki da ruɓaɓɓen bunu, ta kewaye da ƙaya saboda akuya. In ya fito ta kafa masa sanda ta jingina da bakin jinka, ta riƙa nuna masa hanya kullum safiya, tana yi masa magana kamar yaro mai koyon tafiya. In ya kai sama ya fara ƴaƴa sai ta tsinke ƙananan ta bar waɗanda suka yi mata, sannan ta naɗa gammo na kaba. Ni ake turawa sama saboda ba ni da nauyi, in ɗaga ɗan duman a hankali in zaunar da shi a kan gammo, don ya yi zagaye sosai, kada kuma ya zame ya ja shuci. A ƙasa ma duma yana yi, amma gefe ɗaya zai kwanta ya baje, gara ta lashi bayansa, akuya ta gutsura. Wanda ya girma a kan shuci iska tana bin ƙarƙashinsa, rana tana gasa shi daidai. Har yau in na rufe ido ina jin ƙaiƙayin ganyen a ƙwaurina, da warin nan nasa da yake manne wa hannu.

Kowace shekara sai an yi faɗa a kansa, faɗan da mu yara muka haddace. Baba zai tsaya ya riƙe ƙugu yana duban ɗakin.

"Wannan abin naki zai ruɓar mini da shuci. Ganye ya rufe, rana ba ta taɓa shi, laima ta zauna. Ni in yi ta wahala da rani, ke ki zo ki ɗora wa ɗaki kaya da damina."

"To Malam, in babu shi a ina za ka sha fura? A tafin hannu?"

"Na ce a sare shi."

"Lauje yana nan inda ka rataye shi."

Ba ya ɗaukar laujen. Gaskiya yake faɗa, duma yana rage wa shuci kwana, ɗakin Inna ya fi kowane saurin neman baibaya. Amma da kaka in an sauko da su aka fafe, aka kwashe totuwa, aka jiƙa har ɗacin ya fita, shi ne farkon wanda zai ɗauki mafi girma ya ƙwanƙwasa da yatsa ya saurara, ya ce, "Wannan nawa ne." Inna kuma ta wanke ƴaƴan ta shanya, ta zuba a ɗan gora ta toshe, ta soke shi a cikin jinka saman ƙofa, inda hayaƙi yake hana ƙwari.

Na fara zama budurwa shekarar da ruwa ya ƙi. Ba zan tsaya ba da labarin yunwar ba, waɗanda suka gan ta ba sa son a tuna musu, waɗanda ba su gani ba kuma ba za su gane ba. An ci geron rumbu, an ci na iri, an koma ga anza da ganyen jiga. Daji ya zama fili, babu ko tsinken da akuya za ta ɗauka. Muna da saniya ɗaya da Baba yake ji da ita, da nononta aka yaye ƙanena Habu. Da dabbobi suka kai ba sa iya tashi sai an ɗaga su, mutane suka fara abin da ban taɓa zaton zan gani ba, suna zare shucin ɗakunansu suna ba su. Baba ya fara da rumbu, tunda babu komai a ciki. Ya bi da ɗakin girki, ya bi da nasa. Ina tsaye ina kallonsa yana kwance ƙullin da ya ɗaura da hannunsa, ba waƙa ba magana, yana jefo bunu ƙasa, saniyar tana taunawa da ƙyar baƙin ruwa yana zubo mata ta baki. Ɗakin Inna ya bari na ƙarshe. Ranar da zai hau shi, ta shiga ta zaro ɗan goran nan ta fito. Ya dubi goran, ya dubi Habu da ke zaune a ƙasa cikinsa ya kumbura.

"Ki soya wa yaran nan mana. Ko ba komai su tauna wani abu."

"Tafi ɗaya ne, Malam. Ko Habu ba zai ƙosar ba, ga ɗaci. Yau su tauna, gobe yunwar tana nan, irin kuwa ya tafi."

"Ke har yanzu ƙwarya kike tunani? Me za ki zuba a ciki?"

Inna ta ɗaura goran a ƙugunta ƙarƙashin zane, da shi take kwana da shi take tashi. A lokacin haushinta na ji, don ni ma cikina kuka yake yi, kuma na san inda goran yake. Saniyar ta mutu duk da haka, bayan ta cinye rufin gidanmu kaf.

Da ruwa ya dawo ya same mu a ƙarƙashin tsaiko tsirara. Shuci ba zai samu ba sai ciyawa ta fito ta nuna, wato sai bayan damina. Baba ya shimfiɗa fatar saniyar a gefe ɗaya na ɗakin Inna, ya ƙara da ƴan guntayen zana, duk muka tattaru a nan. Inna ta kwance goranta, ta fasa ɗaya da haƙori, ta yamutsa fuska, ta ce alhamdulillahi. A wannan karon ba rami ɗaya ta tona ba, ta kewaye ɗakin duka, kuma babu akuyar da ta rage a garin balle a nemi ƙaya. Duman ya fito da ƙarfi, ya kama bango, ya kama tanka, ya bi itatuwan tsaiko yana hawa. Kafin gero ya yi ciki ganye ya haɗe a ƙololuwa. Kada in yi ƙarya, ruwa yana shigowa, in an yi mai ƙarfi sai mu takure ƙarƙashin fatar. Amma rana ta daina dukan mu, yayyafi ba ya kaiwa ƙasa, hasken cikin ɗakin ya koma kore-kore, har muka fara barcin rana kamar mutane. Da ya yi ƴaƴa kuma, tunda babu shucin da za su zauna a kai, sai suka zuro ta tsakanin itatuwa suka rataya a cikin ɗaki, a saman kawunanmu. Babu gammo a shekarar. Ragaya Inna ta tufka wa kowanne don kada nauyi ya tsinke shi.

Wata safiya na fito na tarar da Baba a bayan ɗaki shi kaɗai, ya kama wani reshe da iska ta sauko da shi yana ɗaure shi a jikin tanka da zaren kaba, a hankali, yadda yake yi wa shuci. Inna ta fito da tsintsiya a hannu ta tsaya.

"Malam, lauje yana nan inda ka rataye shi."

Bai juyo ba. Ya ce, "Bar ni in gama baibayata."

Sai ga waƙar nan ta maƙogwaro ta dawo, wadda ba mu ji ba tun kafin saniya ta kwanta. Daga wannan shekarar bai sake cewa a sare ba. Masakin da ya fi girma cikin waɗanda suka rataya a ɗakin nan shi Inna ta ajiye mini, da shi aka kawo ni Damagaram, ga ƙullin iri a bakin zanena. Yana nan ƙarƙashin gadona, ya sha ɗinki, a cikinsa na yi wa ƴaƴana duka wanka.

A Birni soraye ne na ƙasa, amma mijina, Allah ya ji ƙansa, ya yi mini ƴar bukkar girki ta shuci a kusurwar gida, a kanta na riƙa shuka abina shekara da shekaru. Maƙwabta suna aiko yara aron masaki ranar suna da biki, ni kuwa ina ja musu kunne kafin in bayar. Sannu a hankali robobi suka cika kasuwa, ja da shuɗi, ba sa neman ɗinki, ba sa neman a jiƙa su. Aron ya ragu har ya ɗauke. Ƴaƴana mata da za a kai su ɗaki na ƙulla musu iri kamar yadda aka yi mini. Babbar ta karɓa don kunya, da na tambaye ta bayan shekara ta ce ba ta san inda ya shiga ba a cikin kaya. Ƙaramar dariya ta yi mini. "Iya, gidan haya za ni. A kan tol zan shuka ko a kan siminti?" Ban ga laifinta ba, amma sai da ta zo ta ba ni haƙuri kafin in sake mata fuska. Bayan rasuwar mijina aka raba gida, aka rushe bukkar aka yi shago a wurin. Auta ya ɗauko ni. Yaron kirki ne, yana aiki a biro, wato ofis, bai taɓa bari na nemi abu na rasa ba, sai dai gidansa daga ƙofa har bayi siminti ne.

Na gwada. Na sa aka cika mini tsohon bokiti da ƙasa, na jingina sanda da bango. Ya fito, ya hau, ina yi masa magana kullum safiya, jikoki suna dariya suna cewa Kaka ta fara hira da ganye. Ranar da ya kai bakin tol ya ɗora kansa a kai na yi murna kamar an yi mini haihuwa. Sai hadari ya ɗauke, rana ta buɗe. Da azahar na fito na tarar da kan ya yi baƙi ya nannaɗe, duk ganyen da ya taɓa tol ya soye. Ya fid da wani reshe, ya sake hawa, ya sake ƙonewa. Haka ya yi ta yi har ya gaji, ko fure bai kai ba. Na raba abin da ke hannuna na aika wa ɗan Habu ya shuka mini a gefen gona, ko da a ƙasa ne, in dai irin zai sabunta. Da kaka na tambaye shi, ya sosa ƙeya ya ce waɗanda ya ɗauka noma sun nome shi, sun zaci ciyawa ce. Ya ƙara da cewa, "Gwaggo, wa yake neman ƙwarya yanzu?" Abin da ya rage mini bai cika cokali ba. Iri kuma ba ya jiran mutum, in ya daɗe ba a sa shi ƙasa ba mutuwa yake yi a cikin ɓawonsa.

Wuri ɗaya ya rage mini. A ƙauye duk an koma tol, sai ɗakin Inna da Habu ya riƙe bayan rasuwarta. Shi ya gaji hannun Baba, kuma ko da gwiwa ta hana shi hawa, yakan sami wanda zai ɗora masa ƴan dammuna yana tsaye yana nuni da sanda. Shucin ma sai an yi tafiya mai nisa, don dajin da ake yanka duk ya zama gona. A ɗakin nake sauka in na je. Wani zuwa da na yi da damina na ga ciyawa ta tsiro a gefen jinkar, har da ɗan gero, na kwana ruwa yana ɗigo mini a ƙafa, na dawo da mura. Na ba Auta labari ina yi wa Habu tsiya, na ce da Baba yana da rai da ya zo tambayar ranar girbi. A raina kuwa na riga na yanke shawara: in ruwa ya kusa zan koma, in sa a gyara gefen nan, in shuka abin da ya rage da hannuna, in zauna har kaka. Wannan ban faɗa wa kowa ba, don na gaji da dariyar da ake yi mini.

Bara da bazara na ce wa Auta ina son zuwa gida. Ya ce shi da kansa zai kai ni. Yana ta murmushi a hanya, har na tambaye shi ko ƙarin girma aka yi masa a biro, ya ce a'a. Muna hawa tudun da ake hango gari sai wani abu ya haske mini ido daga wajen gidanmu. Na ɗauka ɗakin ɗan Habu ne. Da muka shiga na nemi ɗakin Inna ban gan shi ba. A wurinsa an ta da ɗaki mai kusurwa huɗu, an rufe da sabon tol, an sa ƙofar ƙarfe mai shuɗin fenti. Habu yana tsaye da sandarsa, ya kasa duban idona.

"Iya, ga ɗakinki," in ji Auta. "Tun ranar da kika dawo da murar nan na ce ba za ki sake kwana ruwa yana zuba miki ba. Duk garin nan ɗakin kakata kaɗai ya rage da ciyawa, mutane suna gorin wai tana da jika a biro amma ya kasa rufe shi da tol."

Na dubi Habu.

"Yaya, na ce masa a bari ki zo tukuna. Ya ce so yake ki gani kawai. Ni kuma ƙafa ta ƙi, shuci ya ƙi, yaran nan babu mai son koyo. Ko bana na gyara, baɗi wa zai hau?"

Me zan ce? Yaro ya hana kansa don uwarsa ta kwana a bushe. Yana tsaye yana jiran fuskata kamar ranar da ya kawo mini sakamakon makarantar lekol. Na ɗaga hannun dama na dafa kansa na sa masa albarka, kuma da zuciya ɗaya na sa, Allah ya ba shi masu yi masa. Hannuna na hagu yana riƙe da ƙullin. An zuba siminti kewaye da bango har inda ruwa zai ɗiga, don kada ya ci gindin gini. Na zaga baya na tarar da itatuwan tsaikon an sassare an tara don girki, wasu tun na Baba ne, na gane su. Bunun an ƙone shi, sai toka. Na ɗan kwana a sabon ɗakin don kada yaron ya ji babu daɗi, da rana zafi yana kora ni gindin dalbejiya, daga baya na ce masa mu koma.

Shi ne na dawo da ƙullina, ya sake shekara a bakin zane, har ruwan nan na bana ya same ni a bakin ƙofa. Da ruwan ya tsagaita, tol ya yi shiru, sai na kwance ƙullin a cinyata. Na ce bari dai in sani. Haƙora sun ragu, amma akwai na gefe. Na fasa ɗaya, babu komai a ciki sai ɗan gari busasshe, ba ɗaci ba daɗi. Na fasa wani, haka. Na fasa wani. Ban san lokacin da na daina dubawa ba, ina ɗauka ina fasawa ina tofarwa, hawaye yana zubo mini, ina cewa ashe gawa nake ta yawo da ita. Abin da Inna ta hana mu taunawa muna cikin yunwa, ga ni ina taunawa da cikina a ƙoshe. Na ɗauki na ƙarshe na kai baki na ciza.

Ɗaci ya cika mini baki. Na tofo a tafin hannuna, ga shi fari, da ɗan maiƙonsa, ya rabe biyu.

Matar Auta ta fito daga madafa ta ga fuskata. "Iya, lafiya? Me kika ci haka?"

Na ce ba komai. Ta koma da sauri ta kawo mini ruwa a kofin roba in kurkure baki. Na karɓa na ajiye a gefe. Ban kurkure ba sai da aka kira magariba na tashi alwala.